Kwana Tara da Fil a Baki

Ka taɓa ganin mutumin da lauyarsa ta ce masa, "Ka riga ka yi nasara, abin da ya rage kawai ka rufe bakinka na kwana tara," kuma aikin ya fi ƙarfinsa? In ba ka taɓa gani ba, gyara zama.

Akwai wani tela da shagonsa ke kallon ƙofar kotu, titi ne kaɗai a tsakani. Shekara goma sha takwas yana gyaran baƙaƙen rigunan lauyoyi: wannan ƙusar benci ta yage masa hannun riga, wancan tumbi ya ƙaru sai an buɗa masa. Duk lauyan da ya zo yakan tsaya yana waya ko yana gunaguni a kan alƙali, tela na taka keke yana kwasa da kunne. Da haka ya tara kalmomi buhu-buhu: "ɗage zama", "ɗaukaka ƙara", "kotu ba ta da hurumi". Ko mai shayi ne ya rage masa sukari, sai ya ce zai ɗaukaka ƙara. 'Yan layin suka laƙaba masa Barista. Su da ba'a suka sa sunan, shi kuwa ya kira mai fenti ya rangaɗa masa shi a allon shago.

Wata safiya ɗan mai ginin, wani ƙosasshen matashi da ke mafarkin buɗe shagon wayoyi, ya miƙo masa takardar da aka yago daga littafin rubutu. Abin da ke ciki gajere ne: ya tashi daga shagon nan da wata ɗaya.

Barista ya fito bakin titi ya ɗaga takardar sama. "Jama'a, ku zo ku sha kallo! Ni za a kora? Ni? Wallahi sai maganar nan ta kai kotun ƙoli. Sai alƙali ya cire tabarau ya goge ya ce, 'Bawan Allah, a ina ka yi karatu?'"

Mai aski, wanda shagonsa ke jikin nasa, kuma tsokanar Barista ce babbar sana'arsa, askin na bin baya, ya leƙo da almakashi a hannu. "Sai ka ce masa a gindin keken ɗinki, ranka ya daɗe."

A gida matarsa ba ta yi dariya ba. Ta san shagon nan shi ne cinsu shi ne shansu, kuma duk cinikin daga ƙofar kotu yake tsallakowa. In aka raba Barista da wannan titi, an raba tukunyarta da wuta.

"Malam, lauya za ka ɗauka."

"Lauya? Ni da nake gyara musu riga?"

"Likita ma kana yi masa ɗinki, amma ban ga ka yi wa kanka tiyata ba."

Ya juya maganar, ya sake juyawa, can ya gano yadda zai yarda ba tare da an ce ya yarda ba. "Kin yi gaskiya ta wani ɓangaren. Babban lauya ba ya shiga kotu shi kaɗai. Dole a samu mai riƙe masa jaka."

Cikin lauyoyin da yake wa ɗinki ya ƙi zaɓar kowa, wai duk ya gan su da singileti, babu wanda zai iya tsorata kowa. Matar ce ta samo wata. Ofishinta ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin magani: fanka, kabad ɗin fayiloli, tebur, da kujeru biyu na baƙi. A ƙofar an rubuta: haya, gado, filaye, kwangila, rajistar kasuwanci.

"Au, komai da ruwanka ce?" Barista ya faɗa da ƙarfin da za a ji a ciki. "Ni da ina neman ƙwararre a fannin korar teloli."

Lauyar mace ce mai sanyin murya, ba baƙar riga, ba farar hular gashi, biro ɗaya a hannu. Ta gaishe su, ta nuna musu kujera.

"Abokiyar aiki," in ji Barista, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, "na riga na tsara komai. Ke dai ki tsaya a bayana ki riƙa gyaɗa kai."

"To, Malam. Kafin in fara gyaɗa kan, ga yadda nake aiki. Za ka faɗa min komai, har abin da bai yi maka daɗi ba. Abin da aka faɗa a ɗakin nan, a nan zai tsaya. Ga takardar da ta bayyana aikin da zan yi da ladana, ka karanta kafin ka sa hannu. Ba na yi wa kowa alƙawarin nasara. Sannan ina son ganin yarjejeniyar hayarku."

"Yarjejeniya tana cikin kaina."

"Tana cikin jakata," in ji matar, ta zaro wasu takardu da suka sha jiki.

Lauya ta ɗaga shafin farko. Akwai wani ƙaton rami a tsakiya, har tana hango fuskar Barista ta ciki. "Wannan fa?"

"Wuyan riga na fitar. Takardar tana da kauri mai kyau."

"Ka taɓa karanta ta?"

"Abokiyar aiki, mu da muka daɗe a harkar, ba sai mun karanta ba."

Allah ya taimaka almakashin bai kai shafi na uku ba. Lauya ta karanta, ta ɗauki takardar ɗan mai ginin ta duba, sai ta ajiye biro.

"Malam, saurara da kyau. Hayarka ta shekara uku-uku ce. Sashe na bakwai ya ce in mai gini yana son shagonsa, sai ya ba ka sanarwa kafin ranar ƙarshe ta wannan watan ta wuce. Dole sanarwar ta ƙunshi lambar shago, da sa hannunsa shi kansa, da wa'adin wata shida, kai kuma ka sa hannu cewa ka karɓa a gaban shaidu biyu. In bai yi haka ba, hayar ta sabunta kanta shekara uku. Wannan takardar da aka ba ka ba ta cika ko ɗaya ba. Saura kwana tara wata ya ƙare. Da alama sun manta da sashen. In sun kai ƙarshen wata ba su tuna ba, shago naka ne."

Matar ta sauke ajiyar zuciya. Barista ya gyara zama. "Madalla. Yaushe za mu shiga kotu?"

"Ba za mu shiga ba."

"To me zan yi?"

"Shiru."

"Shiru?"

"Na kwana tara. Kada ka yi gardama, kada ka yi bayani, kada ka sa hannu a komai sai ka kira ni. Ranar ƙarshe da la'asar zan zo da wasiƙar da za mu miƙa musu washegari."

"Ikon Allah! Na ɗauki lauya don ta ce in yi shiru? Ai wannan matata tana faɗa min kullum kyauta."

"Kuma ba ka taɓa ji ba," in ji matar. "Wataƙila tunda yanzu saye ka yi, ka ga darajarsa."

Ranar farko mai aski ya tare shi tun bai buɗe kwaɗo ba. "Barista, yaushe ne kotun ƙolin? In guga rigata."

Barista ya buɗe baki, ya tuna, ya rufe. Ya sake buɗewa. "Akwai sirri," ya ce, ya kashe ido ɗaya. Kafin azahar ya gaya wa mutum goma sha ɗaya cewa akwai sirri, har da wani makaho da ya tsaya tambayar hanya, shi ma sai da aka kashe masa ido.

Da labari ya kai wa matar, ta zo shagon da kanta, ta ɗebo fil guda shida daga gwangwani. "Ai tela da fil a baki aka san shi. Riƙe nan. Daga safe har yamma, sai cin abinci da salla."

Dabarar ta yi aiki, sai dai ta zo da nata. Rana ta uku wani dogon lauya ya kawo rigarsa a rage mata tsawo. "Kaɗan dai, kamar haka," ya nuna da hannu yana waya, ya fice. Barista ya so ya tambaya, fil ya hana. Ya auna "kamar haka" da ido, ya sa almakashi. Da dogon lauya ya dawo ya saka, rigar ta tsaya masa a ƙugu kamar ta mai kai abinci a otal.

"Me ka yi min haka? Yi magana mana!"

"Mmm," in ji Barista.

"Ba zai iya ba, yallaɓai," in ji mai aski daga ƙofa. "Lauyarsa ta ɗinke shi."

Dole ya ɗinka wa mutumin sabuwa, guntuwar kuma ya rataye ta a bango. Jefi-jefi yakan ɗaga kai ya kalle ta da wani irin kallo da bai kamata a bar mutum shi kaɗai da shi ba.

Rana ta huɗu ya hau saman kantin magani da jawabi mai shafi goma sha biyu, wanda ya fara da "Ya mai girma mai shari'a, tun zamanin da ɗan Adam ya fara sa tufafi."

Lauya ta karanta layin farko ta mayar masa. "Ya yi daɗi. Ka adana shi."

"Ko ɗan gargaɗi ba za mu aika musu ba? Su san da wa suke yi?"

"Gargaɗin shi ne zai tura su buɗe yarjejeniya."

"To aƙalla ki zo layinmu da baƙar riga ki ɗan zagaya, mutane su gani."

"Malam, lauya ka ɗauka, ba mai tallan riga ba. Saura kwana biyar. Koma wa fil ɗinka."

Rana ta shida ɗan mai ginin ya zo da kafinta don a auna inda za a kafa kantocin wayoyi. Sun manta da tef ɗin awo, sai ya miƙa hannu ya zare na wuyan Barista. "Ara min, Baba, ai kai ka kusa gama amfani da shi a nan." Barista ya kumbura, jijiyar wuyansa ta miƙe, fil shida suna rawa a leɓensa. Da suka tafi ya tofar da su a tafin hannu ya leƙa waje.

"Ni dai ban ce komai ba. Amma akwai takardar da ko gyaɗa ba za a ƙulla da ita ba."

"Wace takarda?" in ji mai buga takardu, wanda teburinsa da injinsa ke ƙarƙashin rumfar shagon, yana buga wa masu shiga kotu wasiƙu.

"Na ce ban ce komai ba!" Ya mayar da fil.

Rana ta bakwai mai aski ya canza salo. Ya daina yi wa Barista magana, ya koma yi wa kan da yake askewa, da murya mai ratsa bango. "Ka ga maƙwabcina? Shekara goma sha takwas yana koya mana doka. Yaro ya rubuto masa layi uku, ya zama kurma. An ce lauyar ma da ta ga takardar, cewa ta yi, 'Malam, wannan ta fi ƙarfinmu, je ka fara ɗaure kaya.'"

A ɗaya gefen bangon, keken ɗinki ya riƙa gudu kamar zai tashi sama. Ranar Barista ya ɗinke ƙafar wandon wani bawan Allah ruf, ba ta inda ƙafa za ta fita.

Rana ta takwas matar ta kawo kujera ta zauna a ƙofar shago tun safe har aka tashi, ta kafa masa ido. Ko tari ya yi sai ta ce, "Me ka ce?" Rana ta tara ma haka, har ƙarfe uku. Da ta ga saura ƙiris, ta miƙe. "Zan je in taho da lauya. Awa ɗaya, Malam. Don girman Allah, awa ɗaya."

Ya ɗaga mata hannu irin na manya, wai ta kwantar da hankalinta.

Ba ta daɗe da shan kwana ba sai ga mai ginin da kansa, dattijo mai sanda da sanyin hali, riƙe da wando a leda. Ya zauna a kujerar da matar ta bari.

"Ɗana, a ɗan rage min ƙafar wannan. Kuma ka yi haƙuri da abin da ya faru, yaron nan ne ya matsa min. Amma ka ga amfanin karatu? Kowa a layin nan cewa yake takardar da ya rubuta babu kamarta. An ce kai kanka da ka gani, bakinka ya mutu."

Fil na farko ya faɗi ƙasa.

"Ai Baba," in ji mai aski, wanda ya riga ya iso ƙofa, "yaronka shi ne Baristan layin nan yanzu. Allon ma za mu cire mu kai masa."

Sauran biyar suka zube gaba ɗaya.

Barista ya miƙe a hankali. Ya ciro guntuwar rigar nan daga bango ya zura. Ya ɗauki takardar korar da allin tela, ya fito bakin titi. Lokacin an tashi daga kotu, mutane na ta tsallakowa, nan da nan aka yi da'ira.

"Wannan kuke kira takarda? Wannan? Baba, ina lambar shago?" Ya ja layi da alli. "Babu! Ina sa hannunka? Na ɗanka ne, shi wa ya san shi? Wata ɗaya? Wata shida ake bayarwa! Ina shaidu biyu? Ina sa hannuna na karɓa? Sashe na bakwai, jama'a! Sashe na bakwai! Kuma in yau ta wuce ba a gyara ba, ni da shagon nan sai bayan shekara uku!"

Aka yi tafi. Barista ya ji tafin har cikin ƙashinsa. Kwana tara yana jin yunwar wannan sauti.

Dattijo ya girgiza kai cikin mamaki. "Kai, ilimi! To ɗana, mu da ba mu sani ba, da yaya ake rubuta ta daidai?"

"Ai ba zai iya ba," in ji mai aski. "Kushe aikin wani daban, yin naka daban."

"Ba zan iya ba? Ni?" Barista ya juya ga mai buga takardu. "Sa takarda a inji! Rubuta: Ni, mai wannan gini, ina sanar da mai haya a shago mai lamba huɗu..."

Ya yi ta shifta yana kai da kawowa, hannu ɗaya a baya, guntuwar riga na kaɗawa a ƙugu. Da aka gama ya karɓa ya duba, ya sa aka sake bugawa, kwafi biyu, saboda an manta kwanan wata. "A harkar shari'a kwanan wata shi ne rai. Baba, sa hannu a nan. A'a, ba nan ba, nan. Yawwa. Shaidu biyu!"

Mai aski ya goge hannu a riga ya sa, mai buga takardu ya sa.

"Shi ke nan ta cika?" in ji dattijo.

"Ka ga irinta! Da sai ku tafi da ita a haka, ku sake yin kuskure. Saura na mai haya." Ya karɓi biro ya zana sa hannunsa mai kama da zaren da ya harɗe, ya buga kwanan wata, ya ɗaga takardar sama. "Wannan ita ake kira sanarwa! Ku kai wa yaron ya koya!"

Daidai nan taron ya buɗe, sai ga lauya da fayil a hannu, matar na biye. Matar ta ga rigar, ta ga fil a ƙasa, ta dafa bango.

Lauya ta karɓi takardar ta karanta tun daga sama har ƙasa, ta sake karantawa. "Shekara goma sha biyu ina wannan aiki, ban taɓa ganin sanarwar tashi mai tsabta irin wannan ba. Ko waƙafi ba a bari ba. Wa ya tsara ta?"

Barista ya gyara wuyan riga, ya dubi jama'a. "Ni ne, abokiyar aiki."

"Sannu da ƙoƙari. Wa take kora?"

Ya buɗe baki. Ya dubi takardar, ya dubi lambar da ke saman ƙofar shagonsa, ya sake duban takardar. A karo na farko cikin kwana tara ya yi shiru ba tare da taimakon fil ba.

"Amma... ai misali ne. Darasi nake koyarwa."

"Da sa hannunka, da shaidu biyu, a gaban rabin ma'aikatan kotu."

"To mu ɗaukaka ƙara!"

"A kan wa? Kai ka rubuta."

Dattijo ya ninke kwafinsa a hankali ya sa a aljihu, ya dogara sanda ya miƙe. Wani daga cikin taron ya ce, "Baba, kai ma da ka nemi lauya irin wannan baiwar Allah."

"Ina ni ina wahala?" in ji dattijo. "Ai ina da nawa." Ya dafa kafaɗar Barista. "Ɗana, kada ka manta da wandon. Ba sauri, kana da wata shida."

Mai aski ya yi dariya har ya zauna a bakin kwata. Matar ta durƙusa ta tsince fil ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a tafin mijinta, ta rufe masa hannu. "Ajiye su, Malam. Ni ce da laifi. Keken ɗinkin ya kamata in sa maka a baki."

Lauyar ba ta yar da shi ba. Ta ce duk shagon da za su kama nan gaba a kawo mata yarjejeniyar ta karanta kafin a sa hannu, kuma kafin a fitar da wuyan riga. Barista kuwa har yau yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa lauya da bakinta ta shaida ba ta taɓa ganin takarda irin tasa ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Yanzu saura wata huɗu. Don haka, mai karatu, in ka san wani shago da babu kowa a kusa da wata kotu, taimaka ka hau saman kantin magani ka sanar da lauyar, ko ka nemi matar ka raɗa mata a kunne. Shi dai kada ka gaya masa, don Allah, sai an sa hannu.